Me ya sa dutsen yashi ɗaya yake ba da mai a nan, ya hana a can?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a shekarar ƙarshe. An koya mana cewa dutsen yashi yana cikin duwatsun da suka fi kyau wajen adana ɗanyen mai. Amma a wani aikin aji an ba mu bayanan rijiyoyi biyu da suka huda shimfiɗa ɗaya a zurfi kusan ɗaya: ta farko kafofin dutsenta kashi 24 cikin 100 ne kuma mai yana gudana, ta biyu kashi 9 kawai, ba ta ba da komai. Me ke samun yashi bayan an binne shi har ya lalace haka? Kuma ana iya gane wannan kafin a haƙa, musamman a wuri kamar Kolmani?

Amsa:

Ƙanena, abin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, sai dai an tsaya a rabin hanya. Yashin da kogi ko teku ya ajiye, da dutsen da bakin injin haƙa zai tarar bayan shekara miliyan 50 ko 100, ba abu ɗaya ba ne. A tsakanin nan ya sha nauyi, ya sha zafi, ya daɗe jiƙe cikin ruwan gishiri mai narkar da wannan ya haifar da wancan. Duk waɗannan canje-canje masana suna kiransu dayajenesis. Ga jigon maganar tun da wuri: zurfin da ka gani a takardar rijiya ba shi ke yanke hukunci ba. Masu hukunci su ne irin ƙwayoyin da yashin ya zo da su tun ranar farko, da yawan zafin da ya sha, da tsawon lokacin da ya yi yana shan sa. Rijiyoyi biyu suna iya yin kunnen doki a zurfi, su sha bamban a waɗannan.

Akwai abu biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa, gara mu raba su. Yawan kafofi, wato forositi, shi ne kason dutsen da yake fanko, inda mai zai zauna. Sauƙin ratsawa, wato famiyabiliti, wanda ake aunawa da dasi ko milidasi (kashi ɗaya cikin dubu na dasi), shi ke nuna ko man zai iya fita. Wannan na biyun ba girman kafa ke ba da shi ba, 'yan maƙogwaron da ke haɗa wata kafa da wata su ke ba da shi. A siririn bututu, in ka rage faɗinsa da rabi, ruwan da zai wuce yana raguwa sau 16. Don haka ɗan ma'adini kaɗan da ya tsiro a maƙogwaro ya fi ɓarna a kan mai yawa da ya kwanta a jikin bangon kafa. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi idan mun zo kan yumɓu.

Abin da ke fara samun yashi shi ne matsewa. Yashi sabo, mai tsabta, wanda ƙwayoyinsa suka yi kusan girma ɗaya, yakan fara da kafofi wajen kashi 40 cikin 100. Da an fara jibga masa laka da wani yashin a ka, sai ƙwayoyin su zame, su juya, su gyara zama, kamar yadda gero ke sauka in mai awo ya girgiza kwano. In ƙwayoyin masu tauri ne irin kwaz, wato ma'adinin nan mai kama da gilashi da ya fi yawa a yashi, matsewar takan tsaya wajen kashi 26, a zurfin kilomita 2 zuwa 2 da rabi, daga nan nauyi kaɗai ba ya ƙara taɓuka abin kirki. Amma in yashin ya zo da gutsattsarin laka, ko ɓarɓashin dutsen aman wuta, ko maika (ma'adini mai sheƙi mai sirarar faranta) da yawa, to labari ya canza. Waɗannan ba sa jure nauyi. Lotsewa suke yi, su kutsa tsakanin ƙwayoyi masu tauri su cike gurbin. Irin wannan yashi yana iya mutuwa tun kafin zafi ya ce uffan.

Mafi yawan man Najeriya kusan a nan labarinsa ya tsaya, kuma wannan sa'a ce. Yashin Agbada na yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, yaro ne a lissafin duwatsu, ma'ajiyoyinsa da yawa na zamanin Mayosin ne. Kwaz ya fi yawa a cikinsa, kuma a tsakiyar yankin zafi ba ya hauhawa da sauri in ana nitsawa ƙasa. Shi ya sa samun kafofi kashi 30 ko fiye, da ratsawa dasi 1 zuwa 2, ba abin mamaki ba ne a can. Matsalarsu ma akasin taka ce: yashin bai gama zama dutse ba, sai ya riƙa biyo mai yana cin bututu da famfo, dole a sa raga da tsakuwa a gindin rijiya don tace shi. Wanda ya koyi aiki a can kaɗai, yakan ɗauka duk dutsen yashi haka yake. Ranar da aka kai shi tsohon kwari sai ido ya raina fata.

Inda gizo ke saƙa shi ne daga digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan simintin kwaz ke fara tsirowa, kuma a dutsen yashi mai tsabta da aka binne da nisa, babu abin da ya kai shi cin kafofi. Silika, wato sinadarin da kwaz ya ƙunsa, da ta narke cikin ruwan kafofi takan sauka a jikin ƙwayar kwaz, ta ci gaba da gina ƙwayar a kan tsarinta na asali. In ka duba a madubin ƙara girma za ka ga ƙwayar asali mai zagaye, da wani siririn layin ƙura da ya zagaye ta, a bayan layin kuma sabon kwaz fari tas mai fuskoki a miƙe da kusurwoyi masu kaifi. Kafofin da ke da faɗi a da sun koma 'yan kusurwa uku, daga baya su rufe ruf.

Daga ina silikar take zuwa? An daɗe ana jayayya a kan wannan, amma yawanci daga cikin dutsen kansa ne. Inda ƙwayar kwaz ta jingina da maika ko siririn shimfiɗar yumɓu, kwaz ɗin yakan narke a hankali. A sandar dutsen da aka yanko daga rijiya za ka ga wurin a matsayin baƙin layi mai zigizag, shi ne sitailolait. Silikar da ta narke a nan ba ta tafiya nesa, 'yan santimita ko mita kaɗan take ratsawa ta sauka a kan ƙwayar da ta samu da tsabta. Ma'anar wannan babba ce: ba sai wani ruwa ya zo daga nesa ba, dutsen yana ɗauke da abin da zai kashe shi.

Masanin nan ɗan ƙasar Norwe, Olav Walderhaug, ya nuna a shekarun 1990 cewa abin da ke iyakance aikin shi ne saurin saukar silikar, kuma saurin ya rataya ne a kan abu uku. Na farko zafi: duk ƙarin digiri 45 ko kusa da haka, saurin yana ninkawa kusan sau 10. Na biyu lokaci. Na uku faɗin fuskar kwaz mai tsabta da ke akwai. Wannan na ukun shi ya sa yashi mai laushi yake rufewa kafin mai tsakuwa-tsakuwa, don ƙananan ƙwayoyi sun fi yawan fuska a cikin ma'auni ɗaya. Ka yi ɗan lissafi da kanka. A ce zafin saman ƙasa digiri 27 ne. A kwarin da zafi ke ƙaruwa digiri 30 a kowace kilomita, za ka kai digiri 80 kafin kilomita 2. A kwarin da yake ƙaruwa digiri 15 kawai, sai ka wuce kilomita 3 da rabi. Yashi iri ɗaya, zurfi iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara miliyoyi yana toho da siminti, ɗayan ko farawa bai yi ba.

Sai kuma abin da mutane ke yawan mantawa. Siminti ba ya komawa baya. In an binne dutse zuwa kilomita 4, ya cika da kwaz, daga baya ƙasa ta motsa ta ɗago shi, ruwa da iska suka share kilomita 2 daga samansa, yau za ka same shi a kilomita 2 amma da halin ɗan kilomita 4. Takardar rijiya zurfin yau take faɗa maka, dutsen kuwa mafi zurfin da ya taɓa zuwa yake tunawa. A rijiyoyinka biyu, in akwai tsagar ƙasa a tsakaninsu, fara tambaya ko ɓangare ɗaya ya taɓa nitsawa fiye da ɗayan.

To amma in haka ne, me ya sa ake samun ma'ajiyoyi masu kyau a zurfin da ya kamata a ce komai ya rufe? A nan ne ilimin ya fi daɗi. A gaɓar Mobile ta jihar Alabama a Amurka akwai dutsen Norphlet, tsohon yashin hamada na zamanin Jurasik, inda aka gano filin iskar gas na Mary Ann a 1979. Zurfinsa ya haura kilomita 6, zafi ya kai digiri 200, amma a wasu sassansa kafofi suna kaiwa kusan kashi 20. Abin da ya cece shi wata siririyar riga ce ta yumɓun kulorait da ta lulluɓe kowace ƙwaya. Kaurinta 'yan maikiron ne kawai (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma ta hana silika samun fuskar kwaz da za ta sauka a kai. Babu wurin sauka, babu siminti. Haka abin yake a dutsen Tuscaloosa na Luwiziyana, da dutsen Tilje na tekun Norwe. A filayen Ula da Gyda na Tekun Arewa, tekun da ke tsakanin Birtaniya da Norwe, kuwa rigar ba ta yumɓu ba ce, ta ƙananan lu'ulu'un kwaz ce da suka fito daga narkakkun ƙayoyin soson teku, kowane ɗaya ya fuskanci nasa gefen, sai suka tare wa juna hanyar girma.

Rigar kulorait ba a zurfi take farawa ba. Asalinta tun wurin shimfiɗa ne. Misali, a bakin kogi inda ruwan daɗi mai ɗauke da sinadarin ƙarfe ya haɗu da ruwan teku, laka takan manne a jikin ƙwayoyi, tsutsotsin da ke cin yashi suna fitar da shi a kashinsu su ma suna taimakawa wajen shafa ta. Bayan binnewa, da zafi ya ƙaru, wannan laka mai ƙarfe ta rikiɗe ta zama kulorait. Shi ya sa a shimfiɗa ɗaya, yashin da ya kwanta a mashigin ruwa kusa da bakin kogi zai iya samun riga, wanda igiyar ruwa ta wanke tas a bakin teku ya rasa. Abin mamakin shi ne, a zurfi mai nisa yashin da ya fi tsabta shi ya fi lalacewa. Ɗalibai ba sa son jin wannan, don ya saɓa wa abin da aka koya musu a shekarar farko.

Rigar tana da sharuɗɗa. Dole ta rufe ƙwayar kusan gaba ɗaya, don in akwai 'yar kafa, kwaz zai tsiro daga nan ya bazu. In kuma ta yi kauri da yawa, ita kanta sai ta toshe maƙogwaro. Tana kuma yaudarar masu karanta bayanan rijiya. Kulorait yana riƙe ruwa mai yawa a tsakanin 'yan ganyayyakinsa, ruwan da ba ya motsi, sai ma'aunin juriya ga lantarki ya nuna ƙasa sosai, mai karatu ya ce ruwa ne zalla, a wuce shimfiɗar da za ta ba da mai ba tare da ɗigon ruwa ba.

Yanzu mu zo kan felsifa, wanda shi ne ma'adini na biyu a yawa a yashi da dama. Felsifa ba shi da juriyar kwaz. In ruwan sama ya ratsa yashin yana kusa da saman ƙasa, ko ruwa mai ɗan asid ya zo daga lakar da ke dahuwa, felsifa yakan narke ya bar rami mai girman ƙwaya. A ƙarshen shekarun 1970 an yi ta murna da wannan, ana ganin narkewa za ta buɗe sabbin kafofi a can ƙasa ta farfaɗo da matattun duwatsu. Ni a ganina an zuzuta abin fiye da kima. Alminiyam ɗin da ke cikin felsifa ba ya tafiya nesa a ruwa, a nan kusa yake sauka a matsayin yumɓun kawolin, irin farar ƙasar nan da ake haƙa a Alkaleri da Ƙanƙara. Ka samu rami a nan, ka rasa kafa a can. Jimillar kafofi ba ta canza sosai ba, ratsawa kuwa sau da yawa raguwa take yi, don kafofin da ke tsakanin faranta-farantan kawolin ƙanana ne ƙwarai. Inda narkewa ke amfani da gaske shi ne inda ruwa mai yawa ya wanke yashin ya tafi da abin da ya narkar, kuma wannan kusa da saman ƙasa yake faruwa.

Kawolin shi kaɗai da sauƙi. Masifar tana zuwa ne in zafi ya kai digiri 120 zuwa 140 kuma akwai sauran felsifa mai fotasiyam a dutsen. Sai su biyun su haɗu su haifi ilait. Wannan ilait ba kwanciya yake yi a bango ba, gashi-gashi yake tsirowa, siraran zare da ke ƙetara kafa daga wannan gefe zuwa wancan, su saƙa a maƙogwaro. Yawan kafofi zai ragu kaɗan kawai, amma ratsawa ta faɗi daga ɗaruruwan milidasi zuwa ƙasa da 1. A duwatsun Brent na Tekun Arewa an ga wannan faɗuwar a fili in an kusanci kilomita 4. A dutsen Rotliegend, wanda shi ne ya ba Holan babban filin gas na Groningen a 1959, akwai sassan da ilait ya shaƙe har sai an fasa dutsen da ƙarfin ruwa kafin gas ya fito. In ka ga rijiya mai kafofi kashi 15 da ta ƙi ba da komai, ilait ne farkon wanda za ka tuhuma.

Ilait yana da wata dabarar ɓuya da ya kamata ka sani tun yanzu. In an busar da sandar dutse a tanda yadda aka saba, zarurrukan nan sukan kwanta su manne a bango, maƙogwaro ya buɗe, ɗakin gwaji ya ba ka lamba mai kyau wadda ba ta wanzu a ƙarƙashin ƙasa. Hakan ya bayyana a filin Magnus na Tekun Arewa a farkon shekarun 1980, inda dutsen ya ƙi karɓar ruwan da ake tura masa yadda gwajin sanduna ya yi alkawari. Sai da aka busar da samfur ta hanyar da ba ta kwantar da zaren ba, aka duba a madubin lantarki, sannan aka ga saƙar. Duk lokacin da aka miƙo maka lambar ratsawa daga dutse mai ilait, tambayi yadda aka busar da shi.

Simintin kalsait (ma'adinin da ke cikin alli da ɓawon katantanwa) da danginsa, dolomait da sidarait, ba zan daɗe a kansu ba. Sukan zo da wuri, yawanci daga ɓawon halittun teku da suka narke cikin yashin, kuma ba sa bazuwa ko'ina. Dunƙule-dunƙule suke yi, ko siraran shimfiɗu masu taurin gaske. Ba su cika cin jimillar mai ba, amma suna raba ma'ajiya ɗaki-ɗaki, su hana mai hawa ko sauka. Rijiya ɗaya tana iya faɗawa kan dunƙule, maƙwabciyarta ta kuɓuta. Ɗiga asid mai rauni a kan sandar, in ta yi kumfa ka samu amsarka cikin minti ɗaya.

Akwai abu biyu da ake yawan cewa suna kare kafofi. Na farko matsin ruwa da ya wuce kima. In laka ta rufe yashi ruwan ciki ya rasa mafita, ruwan ne ke ɗaukar wani kaso na nauyin, ƙwayoyi su huta. Wannan gaskiya ne, ana ganinsa a zurfafan sassan Neja Delta kusa da lakar Akata da ke ƙarƙashin yashin Agbada, da filayen Elgin da Franklin na Tekun Arewa inda zurfi ya haura kilomita 5, zafi wajen digiri 190. Amma sai matsin ya zo da wuri, kafin matsewa ta gama aikinta, kuma ba ya hana simintin kwaz, don shi zafi yake bi ba nauyi ba. Na biyu shi ne shigar mai da wuri. Hujjar ita ce in mai ya kori ruwa, sinadarai sun rasa hanyar tafiya. A kan ilait wannan yana da ƙarfi. A kan kwaz har yau masana ba su daidaita ba, don ko a cikin mai akwai siririn ruwa da ke manne a jikin ƙwaya, kuma ta nan silika ke bi. Ni dai ba zan ba kamfani shawarar zuba kuɗin rijiya a kan wannan hujja ita kaɗai ba.

To yaya za ka gane wanne ne ya kashe rijiyarka ta biyu? Ba daga takardar rijiya ba. Sai ka yanki dutsen siriri, kaurin maikiron 30, bayan an ɗura masa shuɗin gam don kafofi su fito shuɗi, ka ƙirga maki 300 a madubi. Sannan ka haɗa kafofin da ke tsakanin ƙwayoyi da duk simintin da ya cika tsakaninsu. Wannan jimilla ita ke faɗa maka sararin da ya rage bayan matsewa. In ta kai wajen 26 amma kafofi 9 ne kawai, siminti ne ya ci sauran, sai ka duba wane iri. In jimillar kanta ta yi ƙasa sosai, matsewa ce, nemi lotsattsun ƙwayoyi. In ta haura 35 kuma cike take da kalsait, simintin ya zo tun yashin yana kusa da sama. Bayan wannan akwai ƙarin shaidu. A cikin simintin kwaz akan sami 'yan ɗigon ruwa da suka maƙale lokacin da yake girma, kowanne da ɗan kumfa. A ɗumama samfurin a hankali har kumfan ya ɓace, zafin da ya ɓace a kai shi ne mafi ƙarancin zafin da simintin ya tsiro a cikinsa. Ilait kuma ana iya auna shekarunsa ta fotasiyam da agon, a gane ko ya riga mai zuwa ko mai ya riga shi.

Game da Kolmani, wanda ke kan iyakar Bauchi da Gombe, inda NNPC ta sanar da samun mai a Oktoban 2019 aka kuma ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, kada ka ɗauki ma'aunin Neja Delta ka kai can. Yankin Gongola wani reshe ne na Kwarin Binuwai, tsagaggen kwari da ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Dutsen yashin Bima, wanda ya ci sunan Dutsen Bima na jihar Gombe, na farkon zamanin Kiretashiyos ne, shekarunsa sun haura miliyan 100. Daga duwatsun giranait na gefen kwarin aka kwaso shi, ba a yi nisa da shi ba, don haka yana da felsifa da yawa. Ƙasansa tarkace ne na gindin tudu, manya da ƙanana a cakuɗe da laka, samansa kuwa yashin koguna ne da ya fi tacewa. A kansa akwai dutsen Yolde, wanda ya kwanta lokacin da teku ke shigowa. Sannan a ƙarshe-ƙarshen Kiretashiyos ƙasa ta matse kwarin ta lanƙwasa shimfiɗun ta ɗago su, daga baya kuma aman wuta ya ratsa yankin, shaidarsa tana nan a tsaunin Tangale da tudun Biu.

Haɗa waɗannan da abin da muka faɗa, za ka ga tambayoyin da suka dace. Tsufa yana nufin lokaci mai tsawo a cikin zafi. Felsifa da kawolin tare suna nufin kayan haɗin ilait suna nan, saura zafin. Ɗagowa tana nufin zurfin yau ba shi ne mafi zurfi ba. Kutsen narkakken dutse yana nufin zafi bai rabu daidai a ko'ina ba. Wannan ba yana nufin dutsen ba shi da kyau ba ne, yana nufin kyansa zai bambanta daga wuri zuwa wuri fiye da na Agbada, kuma kowace sabuwar rijiya tana buƙatar sandar dutsenta. A Agadem ta Nijar ma, a kwarin Termit, man da ke zuwa matatar Zinder tun 2011 mafi yawansa daga yashin Sokor yake fitowa, wanda ya fi ƙuruciya kuma ya fi kusa da sama a kan duwatsun Kiretashiyos da ke ƙarƙashinsa.

Ga wani gargaɗi, tunda na san za a kai ku fili ku ɗebo samfur. Dutsen Bima da ka fasa a gefen tudu ya yi shekaru dubbai ruwan sama yana wanke shi. Kalsait ɗinsa ya narke, felsifarsa ta ruɓe, ya yi garas-garas a hannu. In ka auna shi za ka samu kafofi masu ban sha'awa da ba lallai su yi daidai da na ƙarƙashin ƙasa ba. Samfurin fili yana da amfani wajen sanin girman ƙwaya, yadda aka shimfiɗa yashin, da ma'adinan da ya ƙunsa. Lambar kafofi kuwa daga rijiya ake ɗaukarta.

Sanin abin kafin a haƙa yana yiwuwa, gwargwado. Ana gina tarihin binnewar kwarin a kwamfuta: yaushe kowace shimfiɗa ta kwanta, nawa aka share, yaya zafi ya kasance a kowane zamani. A zuba irin yashin da ake tsammani, a daidaita lissafin da sandunan rijiyoyin da ke kusa, sannan a nemi hasashen wurin da ba a huda ba. Matsewa da simintin kwaz suna bin lissafi sosai. Rigar kulorait da dunƙulen kalsait sun fi gardama, don su wurin shimfiɗa suke bi, sai wanda ya iya karanta yanayin da yashin ya kwanta a ciki.

Ko bayan an samu dutse mai kyau, ma'adinan nan ba su gama da kai ba, don su ke faɗa maka ruwan da za ka tura cikin rijiya. Yumɓun simektait yana kumbura in ya sha ruwan da ba gishiri, shi ya sa ake zuba gishirin fotasiyam a lakar haƙa. Kawolin ba ya kumbura, amma in aka buɗe rijiya da ƙarfi farantansa sukan ɓalle su bi mai su taru a maƙogwaro kusa da bakin rijiya. Asid ɗin haidirokulorik da ake turawa don wanke rijiya, in ya tarar da kulorait ko sidarait, yakan saki ƙarfe wanda zai dawo ya daskare ya toshe kafofin da aka zo buɗewa, sai an haɗa shi da maganin riƙe ƙarfe. Asid ɗin haidirofulorik kuma in ya haɗu da kalsait, wani farin gari yake haifarwa da ba ya narkewa, don haka sai an fara wanke kalsait ɗin kafin a tura shi. A yashi mai felsifa da kawolin irin na Bima, gwajin gudanar ruwa a kan sandar dutse ya kamata ya riga zaɓen lakar haƙa da ruwan da za a tura don ƙara matsi.